Rabon Mai Almakashi a Sadakar Baba Tsoho

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma. Baba Tsoho, wan kakata, ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, a rumfarsa ta gyaran fitilu da ke bayan layin masu gishiri. Ya miƙe zai karɓi wata fitilar ƙwai daga hannun mai ita, sai ya dafe ƙirji, ya juya sau ɗaya, ya faɗi a kan gefensa na hagu. Mutanen rumfunan kusa suka fashe da dariya. Telan da ke maƙwabtaka da shi har tafi ya yi, ya ce, "Ta yau ta fi ta jiya kyau, Na-Jamus! Tashi ka ba mutum fitilarsa." Sai da ƙuda ya sauka a kan idonsa bai ƙifta ba, sannan dariyar ta tsaya.

Ba laifinsu ba ne. Shekara da shekaru yana yi musu irin wannan faɗuwar don wasa. Yakan ce a ƙasar Jamus mutuwa ce sana'arsa, kuma babu wanda ya kai shi iya ta.

Kwana uku na zaman makoki aikina kai ruwa zaure. Ba na ɗaga kai, saboda haka ƙafafun mutane na fi gani, maganganunsu kuwa duk na ji. Telan ya zo da takalmi wari da wari, bai ma lura ba. Ya zauna a lungu yana ta faɗin, "Na yi masa tafi, jama'a. Yana mutuwa ina masa tafi." Wani dattijo mai faso a dunduniya ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai ya iya shirya zance." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. A cikin gida wata maƙwabciya ta ce wa Iya, kakata, "Ba mata, ba ɗa, ba jika na cikinsa. Kamar bai zo duniya ba." Iya ta ci gaba da jan carbi. Wasu matan Kambari da ke kawo itace ta hanyar Rijau suka sauke kayansu daga kafaɗa a ƙofar gida, suka tsaya a rana. Babbarsu ta ce da irin Hausarsu, "Mai waina ya tafi?" Aka ce ya tafi. Suka ɗan jima, suka ɗauki itacensu.

Baffa, wan babana, shi ne malamin gidanmu. Bayan matan sun wuce na ji ya ce wa babana, "Allah ya gafarta wa Kawu. Amma wainar Juma'ar nan an binne ta tare da shi. Kada in ƙara jin zancenta a gidan nan."

Kwana tara kafin rasuwarsa Baba Tsoho ya bar mini wasiyya, kuma a kan wainar nan take. Ya ce ranar sadakar bakwai ɗinsa a ware rabo ɗaya na abokinsa Bajamushe, a kuma faɗa wa wanda ya karɓa dalilin sadakar, da baki, ba a ɓoye ba. Ni kaɗai ya gaya wa. Ni kuwa ko a aji, idan malama ta kira sunana, sai muryata ta maƙale.

Bari in faɗi wane ne shi, gwargwadon abin da na gani da abin da ya gaya mini.

Dogo ne siriri, yana da tabo a haɓa. Farcen babban yatsansa na dama kullum baƙi ne da tokar lagwani. Ba ya shiga ɗakin da ba shi da taga, ko rumbu ba ya leƙawa. Da sanyi da zafi yana rataye da wata tsohuwar kwat mai maɓalli ɗaya, ba ya sa hannu a ciki, sai dai ya yafa ta a kafaɗa ɗaya, ya bar ɗaya gefen yana lilo. Ni "uwargida" yake ce mini. In na dawo daga makaranta na biya ta rumfarsa, sai ya ce, "Uwargida, yau ma boko kika dafa mini? To zuba, in ci." Sai in karanta masa abin da muka yi, yana goge ƙwan fitila da tsumma. Ya ce yana son zamana don ba na katse mutum.

Iya ta ce tun yana saurayi ba ya jin magana. Da aka zo ɗibar mutanen aikin hanya, babansu ya ba da shi a madadin wansa. Washegari aka neme shi da sabuwar fartanyar gidan aka rasa. A Zungeru ya sayar da fartanyar, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya sami aikin zuba gawayi a cikin jirgin ruwa. Ciwon haƙarƙari ya kama shi a teku, aka sauke shi a wani gari na Jamus, jirgin ya tafi ya bar shi.

A can ya faɗa aikin majigi. Ya ce akwai wani gida kamar kasuwa girmansa, an kafa itatuwan ƙarya da bukkokin takarda a ciki. Sai a tara baƙaƙen mutane, na Kamaru da na Togo da irinsa, a tuɓe musu riga cikin sanyi, a ɗaura musu fata da gashin tsuntsu, a ba kowa mashi. Bature ya fito da bindiga, su kuma su zube.

"Kowa zubewa yake kamar buhun gero," in ji shi. "Ni kuwa sai na tuna yadda ragon layya ke yi. Ba nan take yake tafiya ba, sai ƙafa ta shura sau biyu. Da na yi musu haka, mai gidan ya ce kullum a sa ni a gaba."

Yakan nuna wa yara a kasuwa, su yi ta ihu. Iya ta tsani wasan. Takan ce, "Yaya, kana kiran abin da ba ya bukatar kira." Shi kuma ya karkaɗe ƙura ya ce, "Mun saba da ita, ƙanwata. Ta san fuskata."

A gidan majigin ya haɗu da wanda yake kira Mai Almakashi. Yaro ne Bajamushe, ɗan masassaƙi, bai kai shi shekaru ba. Aikinsa yanke zaren majigi, wato doguwar igiyar nan mai ƙananan hotuna a jere, ya zubar da abin da manya ba sa so, ya liƙa sauran da gam. Ranar da suka fara magana, Baba Tsoho yana tsaye a bakin ƙofa yana karkarwa, ƙanƙara tana zuba. Yaron ya buɗe kwat ɗinsa ya yafa masa rabi, suka taka tare har masauki kamar shanun huɗa. Damuna biyu da sanyi uku suna raba kwat ɗin nan.

Mai Almakashi ba ya zubar da guntayen da aka ce ya zubar. A cikin safa yake ɓoye su ya fita da su. Ƙarƙashin gidan wani mai gasa burodi akwai ɗaki a cikin ƙasa, ba taga, sai matakala goma sha biyu. Nan samarin ke taruwa ranar hutu: masu koyon sana'a da suka gudu daga iyayen gidansu, wata yarinya mai askakken kai da wando wadda ke kaɗa wani abu mai kama da zugazugin maƙera, wani mutumin Kamaru mai ganga ta gwangwanin man inji. Suka liƙa guntayen nan suka yi majiginsu na kansu, suna haska shi a jikin zanen gado.

"Me ke ciki?" na tambaye shi. Ita ce tambaya ta farko da na taɓa yi masa.

"Abin da ke faruwa bayan an ce a tsaya," ya ce. "Matattu suna tashi suna karkaɗe jiki. Sarkin mayu yana cin burodi. Jarumin Bature ya faɗo daga kan doki, wandonsa ya tsage, ni da ya kashe yanzun nan ni ke ɗaga shi. Uwargida, ban taɓa ganin kaina a raye ba sai a cikin ramin nan."

Mutanen Kontagora ba su yarda da ko ɗaya daga wannan ba. Abin da suka sani shi ne ya dawo kafin yaƙin duniya na biyu, ba kaya sai kwat, kuma tun makon da ya dawo bai taɓa fashin abu ɗaya ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya sayi waina, ya zuba a faifai, ya tsaya a bakin hanya. Ba ya ba ɗan gari. Baƙo yake jira, mai kaya a kafaɗa ko mai sanda da ƙura a ƙafa. In an tambaye shi ladan na wane ne, sai ya ce, "Na wani abokina."

A kan wannan suka yi faɗa da Baffa, shekarar da na shiga aji uku. Ina shara a tsakar gida, suna zaure.

"Kawu, mutumin nan yana salla?"

"Ban taɓa gani ba."

"To ko coci yana zuwa, kamar mutanen mishan?"

"Nan ma ban gani ba. Ya ce shi da limaminsu ba sa ga maciji."

"Ka ji! Ba Musulmi ba, ba ma Nasara na kirki ba. Sadakarka ina za ta same shi? Wasiƙa ce ba adireshi. Kana ba mu kunya a gari, ana cewa kawun malam yana yi wa arne sadaka."

"Ɗana, kai ka yi karatu, ni ban yi ba. Isarwa ba aikina ba ne. Ni dai aikawa nake."

"Aƙalla faɗi sunansa mu ji, in mutum ne da gaske."

Na ji Baba Tsoho yana laluben takalminsa. Ya fito ya wuce ni bai ce uwargida ba. Wata uku bai ci tuwon gidanmu ba, sai da Iya ta je rumfar da kanta ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa ta ce ba za ta tashi ba sai da shi.

Abin da ya buɗe bakinsa ya faru ne bana, bayan an cire gyaɗa. Motar majigi ta zo gari, aka kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, ana nuna yadda ake tsinar auduga. Baba Tsoho bai taɓa zama a gaban ƙyallen ba. Kullum gefen injin yake tsayawa yana kallon hannun mai haskawa. Ana cikin kallo zaren ya tsinke. Mai majigin, wani mutumin kudu mai gajeren wando, ya liƙa, ya sake tsinkewa. Jama'a suka fara ihu. Baba Tsoho ya matsa ya ce, "Ba ka kankare ba, ba zai kama ba." Ya ciro reza daga hularsa, ya daidaita bakin zaren biyu a kan gwiwa, ya kankare gefe ɗaya a hankali, ya ɗiga gam, ya danne da babban yatsa yana ƙirgawa da wani harshe da ban taɓa ji ba. Majigi ya tashi, bai ƙara tsinkewa ba. Mutumin ya bi shi da kallo ya ce, "Baba, wa ya koya maka?" Baba Tsoho ya juya ya tafi, rezar ta faɗi ƙasa, bai tsaya ɗauka ba.

Washegari da la'asar na same shi a rumfa, ba ya aikin komai. Ya ce in ajiye littafina.

Ya ce mulki ya sake a ƙasar. Sababbin masu mulki suka ce kowane saurayi ya sa rigarsu ya yi maci, kuma fari da baƙi ba za su ci a akushi ɗaya ba. Samarin ramin suka ƙi. Suka ci gaba da taruwa, har suka ƙara wani guntu a majiginsu, inda yarinyar mai askakken kai ke rawa da shi. Wani ya kai tsegumi. Rana tsaka wasu masu manyan takalma suka ɗauke shi daga masauki, suka kai shi wani ofis, suka ajiye guntun zare a kan tebur. Fuskarsa ce a ciki, yana dariya.

"Ba su doke ni ba, uwargida. Ki riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzuri. Shayi ma suka ba ni. Suka ce akwai jirgi mai zuwa Ikko jibi. Suka ce wa ke yankan zaren, kuma ina ramin yake. In na faɗa, jirgi. In ban faɗa ba, wani wuri da ba a dawowa. Ban kai ƙarshen shayin ba na faɗi sunansa. Na kuma raka su har ƙofar mai burodi, na nuna da hannun nan."

Ya ce yana tsaye a tsallaken titi aka fito da su ɗaya bayan ɗaya ana tura su cikin mota. Mai Almakashi ne na ƙarshe, da 'yar shara kawai, don ranar kwat ɗin tana wurin Baba Tsoho. Yaron ya hango shi. Bai yi ihu ba, bai tofa yawu ba. Kai kawai ya kaɗa masa wajen tashar jirgi, kamar mai cewa tafi.

"Ban san ko ya gane ni ne ba. Shi ne abin da ke cina. In ya gane, ya yafe ke nan. In bai gane ba, har aka rufe motar yana tsammani aboki yake kallo."

Na ce, a hankali, "Baba Tsoho, mene ne sunansa?"

"Sau ɗaya na faɗe shi inda bai kamata ba. Bakin nan bai ƙara cancanta ba."

Daga nan ya ba ni wasiyyar. Ya ce shekara da shekaru yana cewa sadakar ta wani aboki ce, rabin gaskiya ke nan, ya gaji da rabi. Shi ya kasa faɗin sauran, amma kada a rufe sadakarsa ba a faɗa ba.

Kwana shida bayan rasuwarsa ina ɗauke da maganar nan kamar garwashi a tafin hannu. Ranar jajiberin bakwai ina taya Iya surfen geron gumba, taɓaryata ta riƙa kuskure turmi. Ta ce, "Ke, me ke damunki?" Sai na faɗa mata duka, idona a kan turmin. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Ta ce, "Shekara nawa ina ce masa maƙaryaci a zuciyata. Ashe ƙaryar da ya yi ita ce ta shirun."

Da safe, bayan malamai sun yi addu'a an fara raba waina da gumba, Iya ta kama hannuna har ƙofar zaure. Baffa ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Sai ta dubi babana ta ce, "Gaya wa malamin gidan nan yarinya tana da saƙon mamaci."

Na durƙusa. Ban san yadda maganar ta fita ba, na dai san tabarmar da nake kallo tana da ƙuna a gefe ɗaya. Da na kai wurin shayin, wani ya ce, "Subhanallahi."

Baffa ya ce, "Maganar yarinya ce, ba shaida."

Iya ta ce wa babana, "Gaya masa yarinyar nan ko gaisuwa da ƙyar take yi. Ina ta ga ƙarfin ƙirƙiro jirgin ruwa?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Asirin da Allah ya rufa wa Kawu, mu za mu tona a bakin hanya? Mutane yanzu suke cewa mutumin kirki ne."

"Gaya masa mai asirin ne ya ce a buɗe. Ya ɗauki kayan nan shi kaɗai har kabari. Ba zan bari ya tashi da su ba."

Babana bai maimaita ko ɗaya ba, don kowa ya ji. Baffa ya shafa gemu ya ce, murya ƙasa, "Ni ba zan roƙa wa mutumin gafara ba, ba ni da wannan ikon. Amma abinci abinci ne. Wanda ya ga zai iya faɗa, ya ɗauka." Ya duba zauren. Maza goma sha wani abu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Iya ta sunkuya da kanta, ta zuba waina da curin gumba a faifai, ta yafa mayafi. Rabonta da fita bakin hanya tun ranar da ta je rumfarsa ta dawo da shi. Na bi ta a baya da buta. Muka tsaya a gindin wata tsamiya a hanyar da ke fita gari, rana tana dukanmu ta gefe. 'Yan gari suna wucewa suna gaishe ta, ba ta miƙa wa kowa ba.

Can sai ga wani Bafillace, tsoho, da sanda a wuya da ɗan maraƙi mai ɗingishi a gaba. Iya ta miƙa masa faifan. Ya jingine sandar, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Inna, ladan a kai wa wa?"

Iya ta gyara mayafinta.

"Na wani yaro ne a ƙasar Jamus," ta ce. "Ba mu san sunansa ba. Ya raba rigarsa da wana, wana kuma ya nuna wa maƙiya ƙofarsa don ya tsira da ransa, suka sa yaron a mota suka tafi da shi. Wana ya rasu, yau kwana bakwai. Shi ya ce a faɗa."

Mutumin ya dube ta. Ya tsuguna, ya ajiye faifan a kan gwiwa, ya raba waina ɗaya gida biyu. Bai ci ba tukuna.

"Ya daɗe da abin?"

"Tun kafin uban wannan ya yi aure."

Ya girgiza kai. "To ai wan naki shi ma an tafi da shi a motar nan, Inna. Gawar ce kawai ta makara." Ya ɗaga hannu, waina rabi a kowane tafi, ya ce, "Wanda ya san sunan kowa, ya duba su su biyu." Sannan ya ci, a hankali, har ya cinye. Ya mayar wa Iya faifanta, ya kora maraƙinsa.

Iya ba ta yi kuka ranar da aka fita da gawar ba. A gindin tsamiyar nan ta yi, a tsaye, faifan a ƙirjinta.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya sassauta masa tambaya, ya karɓi gaskiyar da ta iso a makare. Yaron nan kuma mai almakashi, ko yana raye ko ya daɗe a ƙasa, mun bar shi a hannun wanda ya halicce shi.